Shagunan Dabbobi Biyu, Gudu Ninki 28: Ina Asirin Yake?

A ƙarshen shekarar 2001 kamfanin Microsoft ya fito da wata magana da ta tayar da ƙura a tsakanin masu rubuta manhajar manyan kamfanoni. Ya ce ya ɗauki wani shagon intanet na gwaji wanda kamfanin Sun Microsystems ya rubuta da yaren Java, ya sake gina shi da sabon tsarinsa mai suna .NET, sai ga nasa ya ninka na Sun gudu har sau 28. Bai tsaya nan ba. Ya ce layukan umarnin da ke cikin shagon Sun sun haura 14,000, nasa kuwa ba su kai 4,000 ba. A lokacin ko kasuwa .NET bai shiga sosai ba, domin sai a watan Fabrairun 2002 aka fitar da shi a hukumance.

Shagon da ake magana a kansa sunansa Java Pet Store. Ba shagon gaske ba ne, babu wanda ya taɓa sayen ko ɗan tsako a cikinsa. Samfuri ne da Sun ya yi domin koyar da yadda ake gina manhajar kasuwanci a kan J2EE, tsarin Java na manyan kamfanoni. Mutum zai shiga ya ga kifaye da karnuka da kyanwoyi da tsuntsaye da dabbobi masu jan ciki, ya zuba abin da yake so a kwando, ya rubuta adireshi, ya ba da oda. Na Microsoft, wato .NET Pet Shop, shi ma haka yake: dabbobin nan dai, shafukan nan dai, kwandon nan dai. To in abin da mai saye ke gani iri ɗaya ne, ta ina ninki 28 ya fito? Da ninki biyu aka ce, ko uku, sai a ce gwanintar ma'aikata ce. Amma 28 ya yi yawa, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Wanda aka fara nuna wa yatsa shi ne yaren Java. A wancan zamanin sunansa ya riga ya ɓaci da nawa, musamman a kan ƙananan kwamfutoci, saboda haka da yawa suka ce biri ya yi kama da mutum. Sai dai zargin ba ya jure bincike. C#, yaren da aka rubuta shagon Microsoft da shi, kusan ɗan'uwan Java ne a wajen aiki. Dukkansu ba a mayar da su yaren na'ura kai tsaye, sai an bi ta wani tsaka-tsakin yare wanda ake fassarawa lokacin da manhaja ke gudana, kuma dukkansu suna share ƙwaƙwalwar kwamfuta da kansu. Yare biyu masu wannan kama ba za su bambanta da ninki 28 ba. Ƙari a kan haka, shagon intanet ba lissafi mai nauyi yake yi ba. Mafi yawan lokacinsa a jira yake ƙarewa, jiran amsa daga rumbun bayanai.

Daga nan sai hankali ya koma kan yadda aka yi awon. A nan aka samu abin da ya rage wa maganar Microsoft ƙarfi: ba a ajiye shagunan biyu a ɗaki ɗaya aka gwada su a kan na'ura ɗaya ba. Alƙaluman ɓangaren Java daga kamfanin Oracle suka fito. Tun da farko a 2001 Oracle ya ɗauki Pet Store ya auna gudunsa a kan manhajarsa Oracle9iAS, domin ya nuna ya fi abokan hamayyarsa a kasuwar Java, irin su BEA mai WebLogic da IBM mai WebSphere. Microsoft ya ɗauko waɗannan alƙaluma da aka buga, ya jera su kusa da nasa da ya samu a kan injinan Intel masu Windows 2000. Na'ura daban, ma'aikata daban, lokaci daban. Wannan ya isa ya sa mai hankali ya ƙi karɓar lambar 28 yadda take. Amma bai warware matsalar ba, don ko an rage lambar, tazarar tana nan, kuma masu Java da kansu sun san shagon Sun ba mai sauri ba ne.

Sai aka zo kan rumbun bayanai, inda ake zaton nan gizo ke saƙa. Duk wanda ya sauke Pet Store a wancan lokacin ya san da wane rumbu yake tashi: Cloudscape. Ƙaramin rumbu ne da aka rubuta gaba ɗayansa da Java, wani kamfani da aka kafa a Oakland ta jihar Kalifoniya a 1996 ya ƙirƙire shi. Informix ya saye shi a 1999, IBM ya gaje shi a 2001 lokacin da ya sayi harkar rumbunan Informix, daga baya a 2004 ya miƙa shi ga gidauniyar Apache aka sa masa suna Derby. Sun ya haɗa Cloudscape a cikin kayan aikin J2EE da ake saukewa kyauta, domin mai koyo ya tayar da shagon a kan kwamfutarsa ba tare da ya sayi lasisi ko ya nemi ƙwararren mai kula da rumbu ba. Shagon Microsoft kuwa a kan SQL Server 2000 yake zaune, rumbun da manyan ma'aikatu ke biya da tsada. Da a ce ƙaramin rumbun koyo aka gwada da wannan, da magana ta ƙare.

Amma ba haka aka yi ba. Oracle bai yi awonsa a kan Cloudscape ba, a kan rumbunsa na Oracle ya yi, wanda bankuna da kamfanonin waya ke dogara da shi, kuma babu mai cewa SQL Server ya ninka shi gudu sau 28. Wannan zargin ma ya faɗi. Sai dai faɗuwarsa ce ta fito da bakin zaren, domin ta haifar da wata tambaya da ba a yi ba tun farko: yaya aka yi shago ɗaya ya iya tashi a kan Cloudscape yau, gobe a ɗauke shi a ɗora a kan Oracle, bai ce uffan ba?

Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda duk rumbunan da yaren SQL ake yi musu magana. Ba haka abin yake ba. Kowane rumbu da karin harshensa. Ɗauki abu mafi ƙanƙanta, wato ba kowace oda lambarta. A SQL Server ana gaya wa teburin ya riƙa ƙirga lambar da kansa. A Oracle na wancan zamani babu wannan, sai an ƙirƙiri wani maƙirgi na daban ana tambayarsa lamba ta gaba, kuma sai a 2013 Oracle ya kawo irin waccan hanya. Idan kana son layuka goma na farko kawai, SQL Server kalmarsa TOP, Oracle ROWNUM, MySQL kuma LIMIT. Idan ka bar gurbi babu rubutu, Oracle zai ɗauke shi daidai da gurbin da ba a san abin da ke ciki ba, sauran kuwa suna bambanta su. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke karya manhaja ranar da aka canja mata rumbu.

Masu rubuta Pet Store sun san da haka, shi ya sa suka ware duk maganar da ake yi da rumbu suka killace ta a sashe guda. Wanda ya buɗe fayilolin zai ga sashen oda kashi-kashi: akwai na Cloudscape, akwai na Oracle, akwai na Sybase, sannan akwai wani ɗan guntun umarni da aikinsa kawai ya duba saiti ya zaɓi wanda za a yi amfani da shi. Sauran manhajar ba ta san da wane rumbu take hulɗa ba, kuma da gangan aka hana ta sani. A saman wannan sashe akwai wasu hawa-hawa: abubuwan da ake kira EJB masu wakiltar asusu da oda da kayan sito, sai mai karɓar buƙatun shafi, sai shafukan da kansu. Nan wani babban kaso na layuka 14,000 ɗin nan ya tafi.

Shagon Microsoft bai ɗauki wannan nauyi ba ko kaɗan. Rumbu ɗaya ya sani, kuma ya san shi ciki da bai. Tambayoyinsa ba a cikin manhajar suke ba, an rubuta su da T-SQL, yaren SQL Server, an ajiye su a cikin rumbun kansa. Manhaja sai dai ta kira sunan ajiyayyen umarni ta miƙa masa bayanai, shi ya yi sauran aikin a can ciki. Ka ɗauke shagon nan ka kai shi kan Oracle, ba zai nuna maka ko kifi ɗaya ba, sai an sake rubuta umarnin da PL/SQL, yaren Oracle.

Yanzu mu bi oda ɗaya mu ga abin da ke faruwa da ita, don a nan asirin yake. A ce mai saye ya zuba kaya iri goma a kwando. A tsarin EJB irin wanda Pet Store ya bi, wanda ake kira BMP, kowane kaya a sito abu ne mai zaman kansa. Kafin a rage adadinsa sai an je rumbu an tabbatar yana nan, a sake komawa a ɗauko bayanansa, sannan a ƙarshen ciniki a koma a rubuta sabon adadi. Tafiya uku ke nan a kan kaya ɗaya, talatin a kan goma, ba a ma zo kan rubuta odar da layukanta ba. Abin da ya fi wannan ciwo, idan mai rubutu bai sa alamar da ke nuna ko abu ya canja ba, tsarin zai iya sake rubuta bayani a rumbu ko da karanta shi kawai aka yi. Kuma a dokokin EJB na wancan lokaci, kafin fitowar kashi na 2.0, ana ɗaukar kowane kira tamkar zuwa wata kwamfuta mai nisa za shi, sai an naɗe bayanai an kwance, ko da a na'ura ɗaya ake. A ɗaya ɓangaren, ajiyayyen umarni yana ba da damar a dunƙule odar gaba ɗaya a miƙa ta sau ɗaya, rumbu ya raba ta da kansa.

Kamar uwar gida ce ta aiki yaro kasuwa ya sayo gishiri, ya dawo ta ce manja, ya dawo ta ce daddawa, alhali maƙwabciyarta ta lissafa wa nata yaron komai ya tafi sau ɗaya. Ba ƙafar yaron ce matsala ba, ba kuma mai shagon ba ne ke nawa. Yawan zirga-zirgar ne. Kowace tafiya zuwa rumbu tana cin ɗan lokaci a kan waya, tana riƙe layin sadarwa, wani lokaci tana kulle bayani har wani ya jira. Mutum ɗaya a shago ba zai ji komai ba. Idan aka tura dubban masu saye a lokaci guda, sai layi ya taru. Sannan ga wani ƙari: ASP.NET, ɓangaren .NET mai haɗa shafuka, yana iya riƙe shafin da ya riga ya haɗa a ƙwaƙwalwa, ya miƙa wa mai saye na gaba ba tare da ya leƙa rumbu ba sam, kuma jerin dabbobi abu ne da ba ya canjawa kowane minti.

Sun ya fito ya ce Pet Store ba don tsere aka yi shi ba, littafin koyarwa ne, kuma akwai ma'aunin gudu na gaskiya mai suna ECperf ga mai son awo. Gaskiya ya faɗa, kuma a ganina wannan ce magana mafi nauyi a duk rikicin. Sai dai Sun ma yana da nasa laifin. Dubban masu koyo sun ɗauki shagon a matsayin yadda ya kamata a gina kowace manhaja, suka kwafe hawa-hawansa zuwa ayyukan da ba sa buƙatarsu. Samfurin da kamfani ya sa wa hatiminsa ba ya zama abin wasa, mutane bin sa suke yi sau da ƙafa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce kowa da gaskiyarsa. Amma a watan Oktoban 2002 wani kamfani mai suna The Middleware Company, wanda ya yi suna wajen koyar da Java kuma a lokacin shi ke da dandalin TheServerSide, ya ce zai raba gardama. Ya gyara shagon Java don ya yi gudu, ya gwada shagunan biyu a kan na'urori iri ɗaya, ya ɓoye sunayen manhajojin Java biyu da ya yi amfani da su ya kira su A da B. Sakamako ya fito, .NET ne dai a gaba. Wannan ya girgiza masu Java fiye da na farko, domin na gida ne ya faɗa. Ya kuma jefa shakku a kan duk bayanin da muka yi a sama: in an gyara shagon kuma har yanzu yana baya, ashe ba tsarin ginin ne matsalar ba ke nan?

Rickard Öberg, wani ɗan ƙasar Suwidin da ya yi aiki a kan manhajar Java mai suna JBoss, shi ne ya zauna ya karanta umarnin layi-layi, ya rubuta sukar da ta bazu ko'ina. Abin da ya fito fili shi ne gyaran bai taɓa jijiyar ba. Shagon Java da aka ce an gyara yana nan da BMP ɗinsa, yana ta zirga-zirga zuwa rumbu, alhali akwai hanyoyin da suka fi a lokacin. Sannan aka ji cewa a ɗakin gwajin Microsoft aka yi aikin, kuma Microsoft ya ɗauki nauyin wasu kuɗaɗen. Wannan bai nuna an yi maguɗi ba, amma abu ne da ya kamata mai karanta rahoto ya sani tun a shafin farko. The Middleware Company ya amince a sake gwaji.

Hujja mafi ƙarfi kuwa ta riga ta fito tun a tsakiyar 2002, daga hannun mutum ɗaya. Clinton Begin, wani mai rubuta manhaja ɗan Kanada, ya sake gina shagon da Java ya kira shi JPetStore. Ya zubar da EJB gaba ɗaya, bai kuma yi amfani da ajiyayyen umarni a cikin rumbu ba. Abin da ya yi shi ne ya tattara tambayoyin SQL a fayiloli na daban, inda mutum zai gan su da idonsa, ya ƙirga su, ya gyara su, ya musanya su idan rumbu ya canja. Shagon ya fito ƙarami, mai sauƙin karantawa, kuma bai ɗaure kansa da rumbu ɗaya ba. Ɗan kayan aikin da ya rubuta domin wannan shi ne iBATIS, wanda ya koma MyBatis a 2010, kuma har yau ana aiki da shi. Begin ya nuna cewa ba dole sai an zaɓi ɗaya tsakanin gudu da 'yancin canja rumbu ba. Killace SQL a sashe guda abu ne mai arha. Abin da ke da tsada shi ne hawa-hawan da ke ɓoye wa mai rubutu yawan tafiyar da manhajarsa ke yi.

A 2003 aka sake gwajin, wannan karon da ƙa'idojin da masana daga waje suka duba, kuma da shagon Java marar EJB a cikin masu tsere. A awon shagon intanet, .NET da mafi saurin manhajojin Java suka zo kusan kunnen doki. Ninki 28 ya ɓace. Kuma a shekarar ce Microsoft ya fitar da kashi na 3.0 na .NET Pet Shop, wanda duk mai neman hukuncin wannan shari'a ya kamata ya buɗe. A cikinsa akwai sashen shiga rumbu na SQL Server, akwai na Oracle, akwai kuma ɗan guntun umarni mai duba saiti ya zaɓi ɗaya. Wato tsarin nan da Sun ya yi tun farko, wanda rashinsa ya taimaka wa shagon 2001 ya zama gajere, shi Microsoft ya dawo ya gina da hannunsa, domin abokan cinikinsa da yawa a kan Oracle bayanansu suke. Ɓangaren Java shi ma ya sauko daga nasa dokin: littafin Rod Johnson na 2002 da tsarin Spring da ya biyo bayansa sun koya wa jama'a gina manhajar kamfani ba tare da nauyin EJB ba.

Al'adar Cloudscape ba ta mutu ba. Wanda ya sauke Spring PetClinic a yau, samfurin asibitin dabbobi da ɗalibai ke koyo da shi, zai tarar yana tashi da H2, ƙaramin rumbu da Thomas Mueller ya rubuta da Java, wanda ke zaune a ƙwaƙwalwa kuma bayanansa ke gogewa da an kashe manhajar. A gefe an tanadi saitin MySQL da na PostgreSQL. Wannan zaɓi daidai ne ga samfuri, domin aikinsa ya tashi cikin minti kaɗan a hannun baƙo. Haɗarin yana wajen wanda zai ɗauki samfurin ya mayar da shi manhajar makaranta ko ta asibiti ko ta ƙungiyar 'yan kasuwa, bai taɓa gwada ta a kan rumbun da za ta zauna ba. H2 yana cikin manhajar ne, babu waya tsakaninsu, saboda haka tafiya talatin da tafiya ɗaya kusan duk ɗaya ne a wurinsa. Ciwon da ya kayar da Pet Store ba ya nuna kansa a nan, sai ranar da rumbu ya koma wata na'ura.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin abin dubawa. H2 zai karɓi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lafiya lau. MySQL kuwa, har zuwa kashi na 5.7, da tsarin haruffa na latin1 yake tashi in ba a canja masa ba, kuma waɗannan haruffa ba sa cikinsa. Sai a kashi na 8.0 da ya fito a 2018 aka mayar da utf8mb4 ya zama na asali. A kan tsohuwar uwar garke, sunan Ɗanladi zai iya komawa alamar tambaya da ragowar haruffa, ko rumbun ya ƙi karɓarsa.

Saboda haka, ɗan'uwa mai gina samfuri, ka bar ƙaramin rumbu ya yi aikinsa na nuni, amma tun makon farko ka tayar da manhajar a kan PostgreSQL ko MySQL ko duk wanda za a yi aiki da shi, a kan na'ura daban. Ka killace SQL ɗinka a wuri ɗaya. Ka kunna rajistar tambayoyi, ka ba da oda ɗaya mai kaya goma da suna mai ƙugiya, ka ƙirga sau nawa manhajarka ta je rumbu kafin ta ce an gama.